Allin Baba Girgiza

Ranar da Baba Girgiza ya ji kunya a gaban jama'a, ina tsaye a bakin siton kamfaninsu na kai kaya da tub ɗin taya a hannu, ina yi kamar neman inda iska ke fita nake. Akwatin katako ne babba, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, an shaƙe shi da faranti da kofunan tangaran na wata mata mai gidan abinci da za ta buɗe reshe a wani gari. Matar tana tsaye da jaka a hammata. Manaja ma tana nan, ga 'yan dako huɗu, mota ta riga ta yi baya tana jiran lodi.

Baba ya taso daga bencinsa, ya goge hannu a gaban riga, ya kama akwatin ya karkata shi kan gefe ɗaya, kamar yadda yake yi shekara arba'in. Ya manna kunne a jikin katakon, ya rufe ido, ya girgiza sau uku. Daga ciki aka ji ƙwal, ƙwal, ƙwalal. Har telan da ke tsallaken titi sai da ya ɗago kai daga keke.

Baba ya sauke akwatin a hankali, ya zaro alli daga aljihun gaba, ya zana alamarsu a murfin, ya ce, "Shiru yake. A loda."

Ba wanda ya motsa. Can sai ɗaya daga cikin 'yan dakon ya kasa riƙewa, ya fashe, sauran suka bi shi. Matar ta dubi Manaja ta ce, "Wannan ne gwanin naku da kike ta yaba min?" Baba ya bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ya ga ana dariya bai san ta mene ne ba amma ba ya so a bar shi a baya. Wannan murmushin har yau shi ke hana ni sakat.

Dogo, shugaban 'yan dakon, shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauko guduma ya ɓalle murfin. A saman kayan, can ƙarƙashin jarida, sai ga tsohon gwangwanin madara da cokalin shayi a ciki.

Ni na saka shi, lokacin da suka fita cin abincin rana.

Ni ne mai facin da rumfarsa ke manne da katangarsu. Shekara ashirin da bakwai ke nan muna maƙwabtaka, ni nake duba musu tayoyi, kuma tsakanina da Baba tsokana ce gaisuwa. Da safe in ce, "Likitan akwati, yaya majinyatan?" Shi kuma ya ce, "Mai sayar da iska, yau ma Allah ya kawo maka haja kyauta?" Wasan jefa abu a akwati ma ba ranar na fara shi ba. Karon farko noti na saka. Ya girgiza sau ɗaya ya ɗago ya ce, "Mai faci ya shigo nan. Noti ne, kuma mai tsatsa, don in sabo ne ba zai iya rabuwa da shi ba." Ya biyo ni da guduma har bayan rumfa, muna dariya. Karo na biyu makullin kwaɗo na saka, nan ma ya kama ni.

Da zan so in ce wannan karon ma haka na zaci za a yi. Amma tunda na zauna rubutawa, gara in faɗi abin yadda yake. Na yi watanni ina lura da shi. In na tsokane shi ta baya, ba ya juyowa. Mota ta danna masa hon a ƙofar sito, sai da Dogo ya ja shi gefe. Ya koma kallon bakin mutum in ana magana da shi. Na san abin da nake gwadawa. Kawai so na yi in zama wanda ya fara ganowa, in samu abin ba da labari a benci. Ban kuma duba ko akwai baƙuwa a ranar ba.

Wanda bai san gidan ba ba zai gane abin da cokalin nan ya taɓa ba, don haka bari in koma baya, yadda Baba da kansa ya sha ba ni labari muna zaune kan tsofaffin tayoyi.

Kakan Baba ne ya fara, da amalanke ɗaya da igiya. Yana ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya daga tasha zuwa shaguna. Wata rana aka ba shi kwali shida na kwalaben fitila, ya tura su a hanya mai gargada, yana jin suna ƙara a bayan hannunsa, ya ɗauka haka gilashi ke yi. Da aka buɗe, ba a tsira da ko rabi ba. Mai kayan bai zage shi ba, ya dai kwashe ɓaraguzan ya juye masa a cikin amalanken a gaban mutane, ya shige shago. Daga ranar tsohon ya rantse ba zai sake ɗaukar abin da wani ya shirya ba. Shi zai kwance, ya naɗe kowane abu da tsumma, ya cusa ciyawa a duk wani gurbi, ya ɗaure, sannan ya girgiza ya saurara. In wani abu ya motsa a ciki, a sake daga farko. In shiru, sai ya zana da'ira da alli ya ja layi ya ratsa ta, don bai iya rubuta sunansa ba.

Ɗansa, wato mahaifin Baba, shi ya sayi motar farko, wata tsohuwa da sai an tura ta take tashi. Shi ya kama wannan fili ya yi sito, ya kafa sikeli a bakin ƙofa, ya fara kai kaya garuruwa masu nisa. Ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban ya ɗauki tuƙi, ya ƙara mota ta biyu da ta uku, ya san kowace hanya da kowane mai sito a garuruwan da suke zuwa. Ƙaramin, Baba ke nan, bai taɓa son sitiyari ba. Sau ɗaya aka ba shi ya ja mota da baya, ya kwashe ginshiƙin rumfar wanda ya riga ni zama a nan. Tun daga lokacin ya tsaya a teburin shiri.

A teburin nan kuwa ba a kama ƙafarsa. Na ga ya shirya madubi mai tsayin ƙofa, na ga keken ɗinki, na ga agogon bango mai lilo, na ga kwalaben magani ɗari uku a akwati ɗaya. Kofi yana naɗe shi ne daga hannun kofin, ya murɗa jarida ya cusa a ciki, ya kwantar da su baki da baki. Faranti ba ya jera su a kwance, a tsaye yake sa su kamar littattafai. Da aka kawo ledar nan mai kumfa-kumfa da salatif, ya yi wata guda yana hararsu kafin ya yarda ya taɓa. Girgizar ce dai bai yarda an taɓa ba. Ko wa ya shirya akwati, ba ya hawa mota sai ya bi ta kunnensa. Kuma alli a hannun mutum ɗaya yake zama. Shekara saba'in da kafa sana'ar, hannu uku kawai ya riƙe shi: kaka, uba, sai Baba. Masu karɓar kaya a can nesa ba su san fuskarsa ba, amma in suka ga da'ira da layi ba sa buɗewa a gaban direba.

Da yayansa ya rasu, 'yar marigayin ce ta karɓi ofis. Ita muke ce wa Manaja. Tun tana rarrafe a cikin kwalaye na san ta, yanzu ga ta da kwamfuta da waya biyu, direbobi na rawar jiki in ta leƙo. Motoci bakwai take juyawa. Amma in ta zo gaban Baba sai ta rusuna, "Baffa" ba ya barin bakinta.

To ranar nan, bayan an lallashi mai gidan abincin an sake rufe akwatinta, Manaja ta ce, "Baffa, ka ɗan shigo." Ofishin tagar gilashi gare shi, daga rumfata ana gani. Na ga ta ja masa kujera. Na ga tana magana tana sunkuyar da kai, shi yana kallon bakinta. Can ta ɗauki biro ta rubuta wani abu a takarda ta tura masa. Ya daɗe yana duba takardar. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya ciro allin, ya ajiye a kan teburinta, ya fito. Ya wuce ta gabana. Na duƙa a kan baho ina dulmuya tub ɗin da ba shi da ko huda ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya bai zo ba.

A gida na kasa ɓoyewa, na faɗa wa mai ɗakina, ina ɗan haɗawa da dariya ko za ta taya ni. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Mutumin da ya kai ka asibiti ranar da taya ta fashe maka a fuska?"

"Wasa ne fa. Mun saba."

"Shi ya yi dariya?"

Na juya ina neman buta, ta ci gaba.

"Ka girma, gemunka ya yi fari, amma hankalin yana nan inda ka bar shi tun kana ɗan makaranta. Ka je ka same shi."

Ban je ba. Hanyar gidansa ma na daina bi, na koma zagayowa ta bayan gidan mai, tafiyar da ta ninka. A wurin aiki kuma 'yan dako suka samu abin yi. In ɗaya ya ɗaga fanko sai ya manna kunne ya ce, "Shiru yake, a loda," su kwashe da dariya, su waiwayo su ga ko zan ƙara musu gishiri kamar yadda na saba. Irin wasan da ni na koya musu ne. Na rasa bakin hana su. Akwatuna suka rinƙa fita ba alama, har wani mai sito daga can ya bugo waya yana tambaya ko an sayar da kamfanin ne.

A rana ta tara na wanke hannu na shiga ofis. Allin yana nan inda ya ajiye shi, kusa da na'urar buga takarda. Na tsaya ina murza hula.

"Manaja, cokalin nan..."

"Na sani, Kawu mai faci. Duk layin nan wa ke shan madarar gwangwani ya ajiye gwangwanin yana zuba bawul in ba kai ba?"

"To ai kin ga ba laifin shirin ba ne. Kayan lafiya lau suke. Ki mayar masa da allinsa."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Ka ɗauka ni ban san Baffa ba ya ji ba? Shekara biyu ke nan na sani. Ba ka lura duk sanda zai girgiza akwati sai na fito da wani uzuri na tsaya kusa ba? Ni nake saurara masa. In na ji motsi, sai in bari ya zana allinsa ya koma benci, in ce Dogo ya zagaya da akwatin baya, mu buɗe mu gyara. Bai taɓa sani ba. Da haka za mu tafi har ranar da zai gaji don kansa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Yanzu ka sa an gani a gaban mai kaya, a gaban ma'aikata. Matar nan ta faɗa wa mutum nawa, Allah kaɗai ya sani. In na mayar masa, kowa ya san wasan yara muke yi, shi ma ya sani. Kuma ba ni na karɓa ba. Ni cewa na yi mu je a duba kunnen. Shi ya ajiye."

Na ce, "Me zan yi?"

Ta ce, "Akwai tayar gaba ta mota ta huɗu, tana sacewa."

Rana ta goma sha biyu da hantsi sai ga Baba, da wankakkiyar riga, ya rame kaɗan. Bai zauna ba. Ya shiga ofis ya ɗauko allin, ya fito tsakiyar sito ya ce a kira masa kowa. Ni ba a kira ni ba, amma katangar ba ta da tsayi.

Da yake ba ya jin muryarsa, magana yake da ƙarfi. Ya ce, "Kun tuna madubai goma sha biyu na mai shagon aski, shekara biyu da suka wuce, da suka isa a farfashe?"

Kowa ya tuna. Dogo aka ɗora wa laifin, aka ce ya yi wurgi da akwatin wajen lodi. Wata biyu aka hana shi hawa mota, aka mayar da shi shara da jera kwali, babban mutum mai 'ya'ya biyar.

"Ba Dogo ba ne. Ni ne. Na girgiza ban ji komai ba, kuma tun lokacin na san kunnen ne, ba akwatin ba. Na ji tsoron a karɓe wannan," ya ɗaga allin, "sai na bari aka ɗora masa. Kullum ina ganinsa da tsintsiya, ina wucewa."

Manaja ta sunkuyar da kai. Ita ma daga baya ta gane, ba ta kuma wanke Dogon ba, don wanke shi na nufin tona Baffanta. Na duba sito, na ga ashe ba ni kaɗai nake kallon ƙasa ba. Hakan bai rage min komai ba.

Dogo ya ce, "Baba, ya wuce."

Baba bai ji ba. Ya kama hannun Dogo ya buɗe shi ya saka masa allin.

Manaja ta matso kusa da kunnensa. "Baffa, allin bai taɓa fita daga gida ba."

"Ke kina da waya biyu da mota bakwai, da wane kunnen za ki saurari akwati? Wannan shekara goma sha tara yana sito. Ranar nan kowa ya yi dariya, shi guduma ya ɗauko." Ya juya ga Dogo. "Sau uku ake girgizawa. Na ukun a hankali, shi ke fito da ƙaramin motsi. Kuma ranar da ka fara kallon bakin mutane, ka ajiye da kanka."

Haka aka yi. Yanzu Dogo ke zana da'irar, tasa ta fi ta Baba girma, kuma a karkace take. An kai Baba asibiti, an ba shi wani ɗan abu da ake maƙalawa a kunne, ya sa kwana uku ya ce yana jin kamar an zuba masa ƙudaje a kai, ya jefa shi a gwangwanin ƙusoshi. Yana zuwa kullum, yana zama a teburin shiri yana naɗe kofuna, hannun nan nasa kuwa ba abin da ya same shi. Amma duk sanda aka zo girgiza akwati, sai ya tashi ya zaga baya, wai zai ware ƙusoshi masu lanƙwasa. Na ƙirga, wata rana sau tara ya je ware ƙusoshin nan.

Sai da aka ƙara mako biyu na iya tunkararsa. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da 'yan dako suka fita, don kada a samu 'yan kallo. Yana zaune yana murɗa jarida. Na durƙusa gefen teburin na ce, ƙasa-ƙasa, "Baba, ni na saka cokalin nan. Ka yafe min."

Ya ɗago ya dube ni. "Eh?"

Na ɗan ɗaga murya. "Na ce ni na saka cokalin."

Ya kara tafin hannu a bayan kunne. "Iska? Ba na saye. Ba ni da taya."

Na miƙe tsaye. Na ga tela ya tsayar da keke. Na ce da ƙarfi, "Cokalin da aka samu a akwati, ni na saka shi. Na san ba ka ji sosai, na yi da gangan. Ban kyauta ba."

Ya girgiza kai cikin tausayi, ya nuna ɗaya kunnen. "Zagayo ta nan."

Na zagaya. Zuwa lokacin 'yan dako sun dawo sun tsaya a bakin ƙofa da ledojin ruwa a hannu, Manaja ta buɗe tagar ofis, wani direba ya kashe mota don ya ji da kyau. Na rufe ido na buɗe maƙogwaro, na faɗi komai tun daga gwangwani har zagayen da nake yi ta bayan gidan mai don kada in bi ta ƙofar gidansa. Na ce ni mutumin banza ne, bakina ya fi hankalina gudu. Da na gama, gumi ya jiƙa min riga, layin ya yi tsit.

Baba ya ɗauki wani kofi, ya cusa masa jarida, ya kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa. Bai ko dube ni ba ya ce, "Tun karon farko na gane, ai bakinka nake kallo. Ni na yafe. Amma allina a gaban mutane ka raba ni da shi, don haka ka ƙara sau ɗaya, mai wankin ƙarshen layi bai ji ba."